Sitiyarin da Ya Yi Nauyi a Hanyar Bukkuyum

Tun da na dawo daga yammacin Zamfara abokaina na majalisa suke tambayata yadda tafiyar ta kasance. Wasu labarin zinariya suke son ji, wasu labarin tsaro. Nakan ce musu hanya ba kyau, mota ta ba mu wahala, sai in sauya magana. Ba ƙarya na yi ba, amma ko rabi ban faɗa ba. Yanzu da Allah ya yi wa surukina rasuwa, babu wanda maganar za ta ƙona sai ni. Ga ta kamar yadda ta faru.

Ni Bakano ne, aiki ya kai ni Gusau, a can na yi aure. Mahaifin matata tsohon bakanike ne. Baba nake kiransa, a nan ma haka zan kira shi, don ban taɓa furta sunansa ba. Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a bayan Bukkuyum, inda yayarsa Gwaggo Hajo take zaune. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Wata ranar Litinin cikin damina ɗanta Garba ya bugo waya, ya ce cikinta ya kumbura, kwana uku ba ta ci komai ba, ba ta iya zama, balle a ɗora ta a babur. Mota ake buƙata ta ɗauko ta zuwa asibiti. A dangin kaf ni kaɗai ne mai mota.

Baba ba ya iya doguwar tafiya. Ciwon suga ya taɓa ƙafafunsa, idonsa kuma ya yi yana, garejin ma ya bar wa waɗanda ya koyar. Amma ranar nan ya ce motar da za ta ɗauko yayarsa ba wanda zai yi mata sabis sai shi.

A Kano muna jin nauyin surukai, amma abin ya ɗan yi laushi a gari. A gidan su matata bai yi ba. Ba na cin abinci a gaban Baba, ba ma haɗa ido, shi ma ba ya kiran sunana, Malam yake ce mini. Shekara tara da aurena, maganar da ta shiga tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa ba. Duk wani saƙo matata ke kaiwa, ta kawo. Don haka na ajiye mota a gareji, na durƙusa na gaishe shi, na yi tafiyata. Tsayawa a kansa yana aiki zai zama kamar ina duba masa hannu. Da yamma matata ta ce ya yi juye, ya sauya filta, ya duba birki, ya duba komai.

Ranar Talata da sassafe muka tashi, ni da maƙwabcina Malam Dahiru, malamin makaranta ne ɗan Bukkuyum, shi ya san hanyar ƙauyen. Mutum ne da ba ya iya shiru, kuma Bakano yake kirana tun ranar da muka saba.

Awa ɗaya ta farko motar tana tafiya kamar sabuwa. Kafin mu kai Anka na zo kauce wa rami, sai na ji sitiyari ya ƙi hannuna. Ba ƙamewa ya yi ba, nauyi ya yi, kamar wani ya dafa shi ta ƙasa. Na sa ƙarfi, sai ya sake gaba ɗaya, motar ta yi gefe. Malam Dahiru ya dafa gaban mota.

"Bakano, lasin nan naka saye ka yi?"

"Sitiyarin ne."

"Kullum sitiyari na. Ba a taɓa jin direba ya ce shi na ba."

Abin da ya dame ni shi ne rashin tsayawarsa wuri ɗaya. Da nauyin ya dawwama, da na san yawan ƙarfin da zan sa. Amma yanzu nauyi, an jima sakayau, ba gargaɗi.

A Anka muka tsaya wurin mai faci. Ya zagaya motar yana naushin tayoyi da dunƙulen hannu, ya ce ta gaba ta hagu iskarta ta yi ƙasa, kuma tayar da ba iska takan sa sitiyari nauyi. Gaskiya ya faɗa. Ya ƙara iska. Wani bakanike da ke kusa ya taso, ya ɗaga bonet, ya buɗe 'yar tukunyar man sitiyari, ya leƙa, ya ce cike take. Sannan ya tambaya wa ya taɓa motar kwanan nan. Na ce an yi mata sabis jiya. Ya ce in kira mai sabis ɗin in ji abin da ya kwance. Na ce ba ya kusa. Malam Dahiru ya dube ni.

A nan na fara cin hoce, wani curin garin dawa da ake gasawa, mai ɗan tsami, aka haɗa mana da dakakken ƙuli-ƙuli. Na ce ya yi kama da gurasa. Mai sayarwa ta ce gurasa abincin wanda zai koma ya kwanta ne, hoce na wanda zai je gona. Garin cike yake da baƙi masu haƙar zinariya, ka gane su da farin ƙasa a gashin ido da tocila ɗaure a goshi da rana tsaka. Hausarsu kala-kala ce, ta wasu ma da kyar take fita. Ba wanda ya kula mu. A Kano in motarka ta tsaya, mutum goma za su taru su ba ka shawara goma. A Anka kowa sauri yake.

Matata ta kira, ta ce Baba yana tambaya ina muke. Na ce ta gaya masa muna Anka, komai lafiya.

Bayan Anka akwai shingaye, na jami'an tsaro da na 'yan sa-kai. A kowanne tambaya ɗaya ce: mun ɗauko dutse? Suna nufin buhunan dutsen da ake niƙawa a wanke zinariya. Suka buɗe but, suka ga katifa da filo da bokiti mai murfi da matata ta sa don mara lafiya. Wani ɗan sa-kai mai bindigar toka ya daɗe yana kallon katifar, sannan ya rufe but ɗin a hankali, ya ce Allah shi ba da lahiya.

Iskar taya ba ta gyara komai ba. Da injin ya yi zafi abin ya ƙaru, kuma na fara jin wani kuka daga gaba duk lokacin da na murza, siririn kuka kamar na injin niƙa da ya rasa hatsi. A wata kwana muka tarar da shanu suna tsallakawa. Na taka birki na karkata, sitiyari ya ƙi, sannan ya sake. Tayar dama ta sauka daga kwalta ta tsaya a bakin kwalbati. Bafillatanin da ke tare da su ya juyo ya dube mu, ya ci gaba da kora. Malam Dahiru ya sauka, ya leƙa zurfin ramin, ya dawo ya zauna. Daga nan bai sake yi mini zolayar lasin ba.

"Kira tsohon nan," ya ce.

"In ce masa me?"

"Ka ce, Baba, mi ka taɓa?"

"Ka san abin da wannan tambayar take nufi. Kamar na ce ya ɓata mini mota ne. Mutumin da ya kwanta a ƙasa da ƙafafun nan nasa."

"To matarka ta tambaye shi."

"In ce wa 'yarsa aikin ubanta ya kusa jefa mu rami?"

"Ai ya kusa."

"Ba mu sani ba. Wataƙila wani abu ne dabam."

Da wannan maganar ta ƙarshe na rufe bakinsa, na rufe nawa tunanin. Gaskiya ce ban sani ba. Amma gaskiya ce kuma ba na son in sani ta wannan hanyar.

Mun shiga Bukkuyum ana kiran la'asar, tafiyar da ya kamata mu gama kafin azahar. Bakaniken da aka kai mu wurinsa ya saurari kukan, ya ce bel ne ya saki, shi ke juya famfon sitiyari, in yana sulɓewa dole ƙarfi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Wannan ma magana ce mai ma'ana. Ya ɗaure bel. Muka zagaya gari, ta yi daidai na minti goma, har na fara hamdala. Da muka dawo muka tsaya, sai ga ɗigon mai a ƙasa, sitiyari kuma ya fi da nauyi. Bakaniken ya goge hannu ya ce aikin ya fi ƙarfinsa, shi babura ya fi sani. Ya ce akwai wani Malam Ila a Gummi, duk yankin shi ake kai wa irin wannan.

Daga Bukkuyum zuwa ƙauyen hanyar burji ce, siririya, zaizayar ruwa ta ci gefenta biyu, akwai rafi ɗaya da ake ratsawa. Ba hanyar da za a shiga da motar da ba ta jin hannu ba ce, balle a fito da mara lafiya kwance. Muka je tasha neman shata. Direbobi biyu muka samu. Ɗaya ya ce motarsa ƙasa gare ta, ba za ta ratsa rafin ba. Ɗayan ya ce bayan la'asar ko ubansa ne a can ba ya shiga dajin nan, kuma gobe cin kasuwa ne a wani gari, an riga an kama shi.

Malam Dahiru ya samu Garba a waya da kyar, don sai Garba ya hau wani tudu yake samun sabis ɗin waya. Garba ya ce jikin Gwaggo da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa don a faɗa. Ya ce tana tambaya ko motar Autanta ta iso. Baba take nufi. Ya haura saba'in amma Auta take ce masa.

A zauren ƙanin mahaifin Malam Dahiru muka sauka. An kawo tuwon dawa da miyar kuka, da fura mai nono fiye da gero. Na lura a nan ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci ya sha. A gida da tuni an yi min tambaya bakwai kafin ruwa ya iso. Mai gidan ya ji labarin motar, ya ji wanda ya yi sabis, ya gyaɗa kai ya ce na kyauta da ban kira ba, ɗan mutunci ba ya tuhumar suruki. Na ji daɗin maganar. Ina faɗin haka don kada a ɗauka ni kaɗai ne mai irin wannan tunanin. Matata ta sake kira kafin magariba. Na ce ta gaya wa Baba ruwa ne ya ɓata hanya, za mu shiga da safe, mota lafiya lau.

Laraba ta waye da ruwan sama mai ƙarfi. Sai wajen hantsi ya tsagaita. Muka kama hanyar Gummi a giya ta biyu, hannuna biyu a kan sitiyari, kafaɗuna suna zafi. Ƙasa ta sauya, gero ya ragu, fadamun shinkafa suka bayyana cike da ruwa. A bakin gari mata suna soya kifi. Malam Dahiru ya saya mana, na kasa ci.

Malam Ila ɗan siririn mutum ne mai furfura, ba ya ɗaga murya. Bai taɓa motar ba sai da ya gama tambayoyi.

"Nauyin, tana tsaye ko tana gudu?"

"Duka. Amma ya fi in ina tafiya a hankali."

"Da sanyi ko in ta yi zahi?"

"In ta yi zafi."

"Hagu ko dama?"

"Ko'ina."

"Kahin sabis tana yi?"

"A'a."

"To abin da anka taɓa shi za mu bi. Wa ya yi sabis ɗin?"

Malam Dahiru ya ce, "Surukinai na."

Malam Ila ya dube ni. "Kuma ba ka kira ba."

"Ban kira ba."

"Ah to. Bari mu tambayi mota, ita ba ta jin kunyar kowa."

Ya sa jak ya ɗaga tayoyin gaba biyu. Injin a kashe, ya murza sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ya tafi sumul. Ya girgiza kowace taya da hannu biyu, ba wasa. Ya ce ƙarfen ƙafa lafiya yake, ba abin da ya cije. Ya danna bel da babban yatsa, ya ce an ɗaure shi har ya wuce kima, ya sassauta. Sannan ya ce in tayar. Ya buɗe tukunyar man, ya sa na murza, ya kira ni in gani. Man yana kumfa kamar an kaɗa sabulu.

Ya juya murfin tukunyar, ya nuna mini robar da ke ciki. Ta kumbura ta yi laushi, har ta fito daga gurbinta. Ya tsoma yatsa ya murza, ya shinshina. Daga nan ya ɗebo ruwa a gwangwani, ya ɗiga man a ciki. Wani ɓangare ya taso sama ya yi ido, kamar yadda mai yake yi. Sauran ya narke cikin ruwan, ruwan ya yi fari-fari.

"Ka gani? Man sitiyari ba shi shiga ruwa. Wanga da ya shiga, man birki na. An zuƙe tsohon an cika da shi. Shi ya sa kowa ya leƙa ya ga cike."

Ya bayyana mini cewa man birki yana cin irin robar da ke cikin famfon sitiyari da tiyonsa. Roba ta kumbura, ta fara shan iska, iska ta shiga mai, famfo ya riƙa kamawa yana saki. Ya ce masu gareji da yawa sukan sayi mai a galan su rarraba a gorunan ruwa marasa rubutu, launi kaɗai ke bambanta su, ɗaya ja, ɗaya ruwan zuma. Wanda idonsa ya yi rauni zai iya ɗaukar wannan a madadin wancan.

Na tambaye shi, da an gane tun a Anka fa?

"Da an zubar an ɗauraye, ku wuce. Aikin awa guda. Yanzu sai na sauya tiyo da robobi."

Bai faɗi haka don ya ƙona ni ba. Tambaya na yi, ya amsa.

Robobin famfon babu su a shagon farko, babu a na biyu, sai a jikin wata mota da ta yi hatsari aka ciro. Ya zubar da man, ya ɗauraye sau uku, ya cika da jan mai, ya yi ta murza sitiyari hagu da dama har kumfa ta ƙare, kukan ya ɗauke. Muka yi ta neman Garba a waya, ba ta shiga. An yi azahar, an kusa la'asar, sannan ya sauke jak. Ya ce famfon ya ji jiki, amma zai kai mu ya dawo da mu.

Na yi gudun da ban taɓa yi ba. Sitiyari yana bin hannuna kamar ba abin da ya taɓa samunsa, wannan ya fi komai ɓata mini rai. Muka wuce Bukkuyum ba mu tsaya ba, muka sauka burji. Maganar direban tasha tana kaina, amma ba wanda ya tayar da ita a cikinmu. Muka ratsa rafin, ruwa har ƙasan ƙofa.

Ba mu yi nisa da rafin ba muka hango amalanken shanu a gabanmu, maza huɗu suna bin sa a ƙasa. Na yi niyyar yin oda su ba mu hanya. Malam Dahiru ya riƙe hannuna.

"Garba na," ya ce. Sannan, a hankali, "Gida sunka nuhwa."

Amalanken ba wajenmu yake zuwa ba. Inda muka dosa ya dosa. A cikinsa akwai tabarma, da wani abu dogo an lulluɓe da zane har kai.

Garba ya gaya mana a tsaye a kan hanya. Da suka ga hantsi ya yi ba mu iso ba, suka ɗora ta a amalanke don su tarye mu a bakin kwalta. Ruwan safe ya cika rafin, shanun suka ƙi shiga. Suka zauna a gaɓa suna jiran ya janye. A nan ta cika, bayan azahar kaɗan. Bai tambaye mu abin da ya tsare mu ba. Ya yi mana sannu da hanya, ya yi mana godiya.

Muka shimfiɗa katifar a kujerar baya, muka ɗauke ta daga amalanken. Ba nauyi ko kaɗan. Abin da motar ta yi mata ke nan, tafiyar minti ashirin zuwa ƙofar gidanta. Mata suka yi mata sutura, aka yi salla, aka kai ta kafin rana ta faɗi.

Daga maƙabarta Garba ya nuna mini tudun da ake samun sabis. Ya ce shi ba zai iya gaya wa kawunsa ba. Na hau ni kaɗai. A shekara tara wannan ne karo na farko da na danna lambar Baba da hannuna. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Malam."

"Baba, ina wuni. Sai haƙuri. Allah ya yi wa Gwaggo rasuwa. Yanzu muka dawo daga kai ta."

Ya yi salati, ya maimaita, muryarsa ba ta rawa. Sannan ya tambaya ko mun riske ta da rai. Na ce a'a. Ya tambayi abin da ya tsai da mu. Na ce ruwa ne, hanya ta ɓaci.

Har na duba wayar ko ta yanke, sai na ji muryarsa.

"Malam, jiya da hantsi na koma gareji. Na laluba kan kanta, na iske gorar jan mai cike, ba a taɓa ta ba. Ta man birki ce ta ƙare."

Jiya da hantsi muna Anka, bonet a buɗe.

"Na ɗauki waya in kira ka, na aje. Na sa yarinyar nan ta tambaye ka. Ta ce ka ce lahiya lau. Na sake sa ta da marece, ta ce ka ce lahiya lau. Sai na ce ko Allah ya tsare." Ya ja numfashi. "Ta yi maka nauyi?"

"Ta yi, Baba."

"Tun ina?"

"Tun kafin Anka."

Ina jin numfashinsa, yana jin nawa. A ƙasan tudun an fara shimfiɗa tabarmin zaman makoki, Malam Dahiru yana ɗaga mini hannu in sauko. Na tsaya da waya a kunne, don ba ya kyautu in riga shi kashewa.